Koyar da Yara Kodin da Haɗa Mutum-mutumi ta Intanet: Darasi Daga Kongolam

A dogon hutun da ya wuce na koma gida Kongolam, garinmu da ke ƙaramar hukumar Mai'adua, daf da kan iyakar Nijar. Wata rana bayan isha'i ina zaune a zaure ina fama da aikin kammala karatuna a kwamfuta, sai ƙanwata mai shekara 11 ta leƙo, ta tsaya a bayana tana kallon rubutun da nake yi. Can sai ta ce, "Yaya, wannan wane yare ne? Ba Turanci ba ne, kuma ba Faransancin mutanen ƙetare ba ne." Na ce mata yaren da ake yi wa kwamfuta magana ne. Ta ce, "To ni ma ka koya mini mana, in ce mata ta yi mini aikin gida." Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina.

Daga wannan tambaya ne na tara yara bakwai, ƙannena biyu da 'ya'yan maƙwabta biyar, muka yi mako shida muna karatu da kwamfuta ɗaya da waya biyu. Abin da na koya a wannan makonni shi ne nake son in ba 'yan uwana ɗalibai, musamman mu da muke shirin barin makaranta bana. Kullum muna ganin tallar darussan kodin na yara a intanet, ga hoton yaro fes a gaban kwamfuta, ga wuta, ga fanka. Tambayar ita ce: yaron Kongolam, ko na Zango, ko na Sandamu, ta yaya wannan ilimi zai iso gare shi? Amsar da na samu ita ce, intanet tana kawo darasi har ƙofar gida, amma ba ta shiga zaure ta zauna da yaro. Sai an samu wani babba ya ɗauko darasin, ya juya shi zuwa Hausa, ya zauna a tabarma ɗaya da yaran. Wannan babban kuwa, in ba mu ba, to wa?

Mene ne kodin, mene ne mutum-mutumi?

Kodin shi ne rubuta wa na'ura umarni daki-daki, cikin yaren da take ganewa, don ta aikata wani aiki. Kwamfuta ba ta da wayo irin namu. In ka aiki ƙanenka ka ce ya sayo maka sukari, ba sai ka ce masa ya tashi, ya sa takalmi, ya buɗe ƙofa ba. Ita kuwa kwamfuta sai ka faɗa mata kowane taku, kuma abin da ka faɗa shi za ta yi, ko da ba shi kake nufi ba. Jerin matakan da ake bi a warware wata matsala shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Mu ma nan ƙasar Katsina muna da namu: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda a 1732 ya rubuta littafi kan hanyoyin jera lambobi a gidajen murabba'i yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Na faɗa wa yaran wannan tun ranar farko, don kada su ɗauka tunani daki-daki kayan Turawa ne da aka shigo da shi a kwali.

Shi kuma mutum-mutumi, sunan yana ɗan ruɗar da yara, don suna zaton dole sai mai kai da ƙafa irin na fim. A wajen masu wannan fanni, na'ura ce mai abubuwa uku: tana jin abin da ke kewaye da ita, tana yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta mata, sannan tana aikata wani abu. Misali mafi kusa shi ne fitilar sola ta kan titi. Tana gane rana ta faɗi, ta kunna kanta. Gari ya waye, ta kashe kanta. Babu wanda ke hawa tsani yana danna mata maɓalli. Duk yaron da ya fahimci fitilar nan ya kama bakin zaren.

Tarihi a taƙaice

Koyar da yara kodin ba jiya aka fara ba. A 1967 Seymour Papert, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu, tare da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro yaren Logo a Amurka. Daga baya aka haɗa shi da wani ɗan "kunkuru" da yaro ke ba umarni ya yi gaba, ya juya, yana zana layi a bayansa. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi koyo in yana gina wani abu da hannunsa, yana kuskure yana gyarawa. Ɗalibinsa Mitchel Resnick ne ya jagoranci ƙungiyar da ta fitar da Scratch a cibiyar MIT a 2007. A Scratch ba a rubuta umarni da haruffa. Tubala ne masu launi da ake jawowa a liƙa su kamar ana jera bulo. An yi shi don yara masu shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, kuma an fassara shi zuwa harsuna fiye da 70. A 2014 aka fitar da ScratchJr don 'yan shekara 5 zuwa 7. A 2016 kuma BBC ta raba wa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya wata ƙaramar na'ura mai suna micro:bit. Waɗannan biyun, Scratch da micro:bit, su ne muka yi aiki da su.

Gaskiyar karatu ta intanet a garinmu

Kafin mu shiga darasi, bari mu faɗa wa juna gaskiya. A Kongolam wani lokaci wayarka za ta saki layin Nijeriya ta kama na Nijar ba tare da ka sani ba, sai ka ga sabis ya cika amma ba abin da ke buɗewa. Wutar lantarki kuwa, mai cajin waya na bakin hanya shi ne gatanmu. Ga kuɗin data: a watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Kada kuma mu manta da Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Yankin Daura bai shiga ciki ba, amma darasin ya shafe mu duka: karatun da ya rataya kacokan a kan sabis, ranar da sabis ya ɗauke ya tsaya.

Mun ga irin wannan a 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona. 'Ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta bidiyo, wasu jihohi suka sa darussa a rediyo da talabijin, yawancin yaran ƙauye kuwa suka koma gona da talla. A Maris 2022 gwamnatin tarayya tare da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda ke da darussa har da na Hausa. Abu ne mai kyau, amma ka tambayi yara goma a unguwarku ka ji nawa ne suka taɓa buɗe shi.

Wani zai ce to a raba wa yara kwamfutoci kawai. An gwada. Shirin nan na "kwamfuta ɗaya ga kowane yaro" da Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005 ya zo Nijeriya a 2007, aka gwada shi a wata firamare da ke Galadima a Abuja, amma bai bazu zuwa sauran makarantun ƙasar ba. A ƙasar Peru an raba dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci, sai binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 ya nuna makin yaran a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Na'ura ba ta koyarwa ita kaɗai. Saboda haka tsarin da nake ba da shawara shi ne: kai babba ka shiga intanet, ka koya, ka sauke abin da ake buƙata, yara kuma su yi yawancin aikinsu ba tare da data ba. Ga matakan.

Mataki na ɗaya: a fara a kan rairayi

Makon farko ban buɗe kwamfuta ba sam. Wannan dabara ce da aka daɗe ana amfani da ita. Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokansa sun tattara irin waɗannan wasanni a shirinsu mai suna CS Unplugged, kuma ana samunsu kyauta. Ni dai na yi namu irin na gida.

Ka share fili a ƙofar gida, ka zana gidaje shida a tsaye shida a kwance, kamar na dara amma manya yadda yaro zai iya tsayawa a ciki. Ka ajiye goriba ko alewa a wani gida, ka sa duwatsu a wasu gidajen su zama shinge. Yaro ɗaya shi ne mutum-mutumi, ɗaya kuma shi ne mai ba da umarni. Umarnin huɗu ne kacal: taku ɗaya gaba, juya dama, juya hagu, ɗauki. Sharaɗin wasan shi ne, mai umarni zai rubuta matakansa duka a takarda tukuna, sannan wani ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Mutum-mutumi ba shi da izinin gyara masa ko kaɗan. In takarda ta ce ya taka dutse, sai ya taka.

Ranar farko an sha dariya. Ɗan maƙwabcinmu ya rubuta "juya dama" yana nufin damarsa shi, ya manta wanda ke cikin gidajen yana fuskantarsa ne, sai ga mutum-mutumi ya nufi kwata. Maimakon in gyara masa, sai na ce, "Koma ka karanta takardarka, a wane layi abin ya ɓaci?" Ya bi da yatsa har ya gano. Wannan shi ne gyaran kuskure, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya ɓata masa aiki ya san rabin sana'ar ke nan.

Mataki na biyu: ginshiƙai huɗu a Scratch

Akwai Scratch da ake saukewa a kwamfuta sau ɗaya, daga nan yana aiki ba intanet. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya sa Pocket Code a wayar Android. Manhaja ce ta tubala irin wannan, daga Jami'ar Fasaha ta Graz a Ostiriya. In ka buɗe Scratch za ka ga kyanwa a tsakiyar fili. Faɗin filin taku 480 ne, tsayinsa 360, kuma koren tuta ake dannawa aiki ya fara. Abubuwa huɗu nake so yaro ya riƙe, kowanne na haɗa shi da abin da ya sani a gida.

Na farko, jeri. Wane mataki ne ke zuwa kafin wane? Na ce su faɗa mini yadda ake suyar ƙosai. Wata ta ce a zuba ƙullu a kasko. Na ce, "Kaskon da ba a ɗora a wuta ba?" Suka koma suka jera: a hura wuta, a ɗora kasko, a zuba mai, a jira ya yi zafi, sannan ƙullu. A Scratch ma haka ne, tubalin da ke sama shi ake fara aikatawa.

Na biyu, maimaitawa. Mai ƙosai ba ta sake koyon aikin a kowane kasko. Abu ɗaya take maimaitawa har ƙullu ya ƙare. Don gwada wannan, ka ƙaro tubalan alƙalami a Scratch, ka ce wa kyanwa ta sauke alƙalami, sannan ka sa: maimaita sau 4, tafi taku 100, juya digiri 90. Za ta zana murabba'i. Daga nan ka ce wa yaran su zana alwatika. Kusan dukansu za su sa digiri 60, don haka aka koya musu a aji, sai su ga zanen ya ƙi rufewa. Ka bar su su yi ta gwadawa. Amsar 120 ce, saboda kyanwar sai ta juya zagaye cikakke, wato digiri 360, kafin ta dawo yadda ta fara. In ka raba 360 gida uku ka samu 120. Ƙanwata ce ta fara ganowa, ta ce, "Yaya, ashe in gefe shida ne sai a sa 60!" Ban faɗa mata ba, ita ta ciro shi. A ranar na gane ba kodin kaɗai muke yi ba, lissafin da ke ba su tsoro ne ya shigo ta bayan gida.

Na uku, sharaɗi. Idan ƙosai ya yi ja, a juya shi. In bai yi ba, a jira. A Scratch akwai tubalin "idan… to… in ba haka ba". Mun yi wasan da kyanwa ke bin ɓera: idan ta taɓa shi, maki ya ƙaru, idan ta taɓa bango, ta juyo.

Na huɗu, ma'ajiya, wato akwati mai suna da ake ajiye lamba a ciki, lambar kuma tana iya canzawa. A nan zaman bakin iyaka ya yi mana rana. Duk yaron Kongolam ya san mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka in an ce maka dala ashirin ana nufin sefa 100. Muka haɗa ɗan shiri da ke tambaya "dala nawa?", ya ninka da 5 ya faɗi sefa. Sannan muka ƙara wata ma'ajiya mai suna "canjin yau", wadda ake sa mata farashin da 'yan canji suka faɗa a ranar, shirin ya juya kuɗin zuwa naira. Ɗaya daga cikin yaran mahaifinsa na kai awaki kasuwar Mai'adua ran Lahadi. Ya matsa sai da na bar shi ya nuna masa. Dattijon ya gwada shi da lissafi uku, ya ga daidai, ya gyara zama ya ce, "To, ashe ba wasa kuke yi a zauren nan ba." Daga ranar ba a sake aiken yaron a lokacin darasi ba.

Mataki na uku: mutum-mutumi kafin a sayi komai

Abin da ke karya gwiwar mutane da yawa shi ne tsadar kayan haɗi. To, ga inda intanet ke da amfani na gaske: ana iya gwada na'urar a fuskar kwamfuta tun ba a saye ta ba. Shafin MakeCode na Microsoft yana da hoton micro:bit mai aiki. In ka jera tubalanka, nan take za ka ga abin da na'urar gaske za ta yi. Ga manyan yara kuma akwai Tinkercad na kamfanin Autodesk, inda ake haɗa Arduino da wayoyi da fitilu a allo, in ka yi kuskure ba abin da zai ƙone. Shi Tinkercad yana buƙatar intanet duk lokacin da ake aiki, don haka na fi ba da shawarar a fara da MakeCode.

Ita micro:bit ba ta kai girman katin cirar kuɗi ba. Tana da ƙananan fitilu 25 a jere biyar-biyar, da maɓallai biyu, tana jin motsi, da zafi, da haske, kuma ƙananan batura biyu ke tafiyar da ita. Aikin farko da muka yi shi ne kwaikwayon fitilar titi. Na'urar tana auna haske daga 0, wato duhu, zuwa 255. Umarnin shi ne: har abada, idan haske bai kai 50 ba, kunna fitilu duka, in ba haka ba, kashe su. Ka lura, ginshiƙan nan da suka koya ne suka dawo: maimaitawa da sharaɗi.

A mako na biyar wani abokin karatuna ya ara mini micro:bit ɗinsa guda ɗaya, muka yi aiki na biyu: mai gadin shuka. Ka samu ƙusa biyu da wayoyi masu bakin kada, ka soka ƙusoshin a ƙasar tukunyar da aka shuka tumatir ko barkono, ka haɗa ɗaya da ƙafar wuta ta na'urar, ɗayar da ƙafar karatu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya barin lantarki ya wuce, saboda haka lambar da na'urar ke karantowa, tsakanin 0 da 1023, tana hawa in an yi ban ruwa, tana sauka in ƙasa ta bushe. Yaran da kansu za su auna busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya, su zaɓi lambar da ke tsakani. In karatu ya faɗi ƙasa da ita, na'urar ta nuna fuskar baƙin ciki. Wani yaro ya tambaya, "Yaya, ba za a iya sa ta kunna injin ban ruwa da kanta ba?" Na ce ana iyawa, da ƙarin kaya kaɗan. A garin da rani ke da tsawo, kowa kuma ya san wahalar ban ruwa, wannan tambayar ta fi mini duk wani maki.

Yadda za ka tafiyar da ɓangaren intanet

Ga tsarin da ya yi mini aiki. Sau ɗaya a mako nake shiga intanet, yawanci cikin dare lokacin da data ta fi araha, ko in na shiga Daura inda sabis ya fi ƙarfi. Ina kallon darasin mako, in gwada shi da kaina har ya yi aiki, sannan in sauke bidiyo ɗaya ko biyu gajeru. A YouTube ka rage ingancin hoton. 360 ya isa a ga tubala. Abin da ka sauke ka tura wa sauran wayoyi ta Xender, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. Yawancin bidiyon da Turanci ne mai sauri, don haka nakan kashe sautin in yi bayani da Hausa, ina tsayarwa ina tambaya, "Me kuke ganin zai faru yanzu?"

Darasi kada ya wuce awa ɗaya, sau biyu ko uku a mako, kuma ka zaɓi lokacin da bai ci karo da boko, ko Islamiyya, ko aikin gida ba. Mu Alhamis da Juma'a da yamma muka fi yi. Yara biyu ko uku a na'ura ɗaya ba matsala ba ce: ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na karanta takarda, bayan minti goma su canza.

Batun tsaro kuwa, kada a yi sake da shi. Ka nemi izinin iyaye kafin komai, ka gayyace su su gani da idonsu. Kada ka miƙa wa yaro waya mai data ka tafi. Kada a sa sunansa na gaskiya, ko hotonsa, ko sunan makarantarsa a kowane shafi. Kuma kada ka ɗauki hoton yaran mutane ka watsa a Facebook don a ce kana aikin al'umma, sai iyayensu sun yarda.

Kurakuran da na yi

Na farko, na yi gaggawa. A mako na biyu na so in nuna musu Python, don shi nake amfani da shi a aikina. Minti ashirin aka yi, biyu suka fara hamma, ɗaya ya ce ana kiransa a gida. Na koma tubala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in ka matsa da ƙarfi karyewa yake yi.

Na biyu, ina yawan karɓe linzami in gyara musu. Sai na lura duk wanda na gyara wa, gobe zai sake kuskuren. Daga baya na koyi zama a kan hannuwana, in tambaya kawai: me ka so ya faru, me ya faru, ina bambancin?

Na uku, ban lura da wuri ba cewa maza sun mamaye kwamfutar, mata uku suna baya suna leƙe. Sai da na sa doka ta karɓa-karɓa. Abin mamaki, shirin canjin kuɗin nan da dattijo ya yaba, yarinya ce ta gano kuskuren da ya hana shi aiki.

Abin da ya rage gare mu

Yau a Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar 2019, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta Daura. A Abuja hukumar NITDA ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a 2020. Duk waɗannan wurare za su buƙaci masu iya yi wa na'ura magana. In yaran masarautar nan ba su fara tun yanzu ba, za a gina abubuwan a ƙofar gidansu, a kawo ma'aikata daga wani wuri, su kuma su tsaya sayar da ruwan leda a bakin geti.

Ba na cewa duk yaron da ya taɓa Scratch zai zama injiniya. Cikin bakwai ɗin nan, wataƙila ɗaya ko biyu ne za su ci gaba. Amma sauran ma sun koyi raba babbar matsala ƙanana-ƙanana, sun kuma koyi cewa kuskure abin bincike ne, ba abin bulala ba. Kuma ba sai ɗan sashen kwamfuta ne zai iya koyarwa ba. Ɗan akanta, ko 'yar sashen lantarki, ko ɗan aikin gona, in ya ba Scratch mako biyu zai iya riƙe aji na yara. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta duba yiwuwar shirya mana horo na kwana biyu kafin hutu mai zuwa, a zuba manhajojin da bidiyon a katin ajiya, kowa ya tafi garinsu da nasa.

Aikin gida

Ga gwaji, don tunawa da malaminmu al-Kashinawi. Ka zana gidaje tara, uku-uku. Akwai wata sananniyar hanya ta cika su: sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau gida ɗaya sama, ka matsa ɗaya dama. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da mai shi, ka sa lambar a ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu. Ka ci gaba har 9. In ka bi daidai, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba ka 15. Yanzu ka nuna ina jeri yake a wannan umarni, ina maimaitawa, ina sharaɗi. In ka gama, ka ba ƙanenka ko ƙanwarka takarda su gwada da gidaje 25, kai kuma ka zauna a kan hannuwanka.

Ƙanwata har yanzu kwamfuta ba ta yi mata aikin gida ba. Amma da na kira gida makon jiya, ta karɓi wayar ta ce in na dawo in zo da ƙusoshi da wayoyi, akwai barkonon Inna da take son a sa wa mai gadi.